Shagwaɓa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kalmar da Ta Tashi Daga Aibi Ta Koma Ado

Daren kai amarya ne a wani gida da ke wajen Ƙofar Marusa. An zaunar da yarinya gaban iyaye mata ana yi mata faɗa, kowa na jefa tata. Da layi ya zo kan yayarta, wadda ta yi shekara huɗu a gidan miji, sai ta duƙa ta ce, "Ƙanwata, duk abin da za ki manta, kada ki manta da shagwaɓa. Ita ke riƙe miji." Gwaggon amarya, tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, ta aje tasbaharta ta ce, "Ke ɗiyar nan, me kika ce? Mu da muka yi shekara ashirin muna kankare mata shagwaɓa, ke kuma yau ki ce ta tafi da ita gidan mutane?"

Aka yi dariya, amma ni abin ya tsaya mani a rai. Su biyun duk gaskiya suka faɗa, kuma kalma ɗaya suka riƙe. Ni haifaffiyar cikin birnin Katsina ce, na taso ina jin kalmar da ma'anar gwaggo, na girma ina jin ta da ma'anar yaya. Tun daga wannan dare nake tattara tambayoyin da ke tasowa duk lokacin da na ɗauko zancen, ga su nan tare da abin da nake gani.

Wai mece ce ma'anar shagwaɓa ta asali?

Lalata yaro da gata. A ba shi duk abin da ya miƙa wa hannu, a hana kowa tsawata mashi, ya yi kuka a lallashe shi ko da shi ne da laifi, har ya taso bai san "bari" ba.

Amma a lura da yadda tsofaffi ke gina maganar, domin a nan sirrin yake. Ba su cika cewa "yaro yana shagwaɓa" ba. Cewa suke, "Kin shagwaɓa yaron nan," ko "An shagwaɓa shi," ko "Ya shagwaɓe." Aiki ne da wani babba ya yi wa ƙaramin da bai san komai ba. Shagwaɓaɓɓe kuwa siffa ce irin ta dafaffe da wankakke da karyayye: abin da aka riga aka yi wa aiki. Kamar yadda ba a samun dafaffen ƙwai sai da mai dafawa, haka ba a samun shagwaɓaɓɓen yaro sai da mai shagwaɓawa. Saboda haka idan maƙwabciya ta ce ɗanki shagwaɓaɓɓe ne, ba da yaron take ba. Da ke take. Shi ya sa kalmar take da zafi a da, har takan raba zumunci na wata da watanni.

Waɗanne yara aka fi jifa da ita a da?

Bahaushe ya san inda gata ke taruwa a gida, kuma kusan kowane gurbi ya ba shi suna.

Na farko auta. Ya zo lokacin da ƙarfin iyaye ya fara raguwa, yayye sun girma suna ɗaukarsa, ba ƙanen da zai ture shi daga cinya. Shi ne shalele, shi ne ɗan lele. Sai goyon kaka. A al'adarmu idan an zo yaye, wajen shekara biyu, akan kai yaro gidan kakarsa don ya manta da nono, kuma sau da yawa daga nan ba ya dawowa. Tsakanin kaka da jika kuwa wasa ne: tana kiransa mijinta, yana ce mata tsohuwa ta ƙi mutuwa. Wanda kuke irin wannan wasa da shi ta yaya za ki ɗaga mashi bulala? Har yau idan aka ga babban mutum mai raki da son jiki, sai ka ji an ce, "Ai goyon kaka ne," kowa ya gane.

Akwai Tanko, namijin da ya zo bayan jerin mata, da Kande, macen da ta zo bayan jerin maza. Akwai ɗan da aka samu bayan an daɗe ana nema. Akwai kuma ɗan wabi, wanda yayyensa suka yi ta mutuwa tun suna jarirai. Irinsa ake sa wa Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba ko mutuwa ta kau da kai, alhali a cikin ɗaki uwar ko tari ya yi sai gabanta ya faɗi. Duk wanda ya san abin da matar nan ta binne ba zai yi saurin ganin laifinta ba idan ta kasa tsawata wa wanda ya rage mata. Ni kam ban taɓa iya kiran irin wannan uwa da mai ɓata ɗa ba, ko da kalmar ta hau kanta.

Wanda ba ya cikin lissafin shi ne ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi mashi wasa a gaban mutane, wata ko nono ba ta ba shi sai ta juya baya. Wannan alkunya ita ce ma'aunin da ake auna sauran da shi. A gidan da nuna wa ɗa so a fili abin kunya ne, ɗan ƙarin lallashi kaɗan ya isa a kira shi shagwaɓa.

To yau me ake nufi da ita?

Ma'anar farko ba ta mutu ba, amma wata ta hau kanta. Yau idan budurwa ko matar aure ta langaɓar da kai, ta turo baki, ta narkar da murya, ta yi narai-narai da ido, ta ɗan bubbuga ƙafa don saurayi ko miji ya lallashe ta, shagwaɓa ke nan. Kuma ba aibi ba ce, gwaninta ce. Ana cewa wance ta iya shagwaɓa kamar yadda ake cewa ta iya girki. Saurayi na lissafa abin da yake so ga mace, ya sa ta tsakanin tsafta da ladabi. Masu koyar da zaman aure a WhatsApp da TikTok suna ware mata darasi guda, kusa da kissa da kwalliya.

Dubi abin da ya faru da ginin jimla. Da ana yi wa mutum, yanzu mutum ke yi. Da "an shagwaɓa ta," yanzu "tana yi mashi shagwaɓa." Mai laifi ya fice daga cikin maganar baki ɗaya, laifin ma ya bi shi.

Yaushe ta juya, kuma me ya juya ta?

Kalma ba ta juyawa rana ɗaya, amma ana iya bin sawun abubuwan da suka tura ta.

A 1976 aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara mata da yawa suka shiga aji a karon farko a tarihin gidajensu. Bayan kamar shekara goma, waɗannan yara sun zama 'yan mata da matan aure masu karanta boko, kuma daidai lokacin ne littattafan soyayya suka fara fitowa daga Kano, daga tsakiyar shekarun 1980. Da yawan marubutan mata ne, masu karatun ma haka. Mu a nan haya muke ɗaukowa, littafi ɗaya ya zaga gida biyar kafin a mayar, a ɓoye shi cikin littafin lissafi ko ƙarƙashin katifa. Marubutan nan sun ci karo da wata matsala: suna son su nuna mace tana jan hankalin namiji da taushi, amma Hausar zaure ba ta tanadi kalma mai tsafta don wannan ba. Kissa tana da warin makirci. Yanga ta tafiya ce da ɗagawa. Rangwaɗa ta jiki ce. Sai suka miƙa hannu ɗakin yara suka ɗauko shagwaɓa, tunda abin da jarumar ke yi, turo baki da kukan da ba hawaye, ya yi kama da na auta. Daga nan jimlar nan ta "cikin shagwaɓa ta ce" ta zama ruwan dare, har ba ka buɗe shafi goma ba ka gamu da ita ba.

Sai finafinan Hausa suka zo daga 1990, suka ba kalmar fuska da murya. Su kuma sun sha daga finafinan Indiya da aka daɗe ana kallo a silima a Arewa, inda fushin wasa da lallashi ke cin rabin labari. Abin da aka karanta a takarda aka gan shi a talabijin, yarinya ta tashi ta gwada a gaban madubi. Da waya ta zo, littattafan suka koma WhatsApp da Facebook, kalmar ta bi su.

Akwai dalili na uku da ba a cika ambata ba, ni kuwa ina ganin ya fi sauran nauyi: gidan kansa ya canza. A gidan gandu na cikin birni, irin na Rafindadi ko Masanawa ko Gambarawa, amarya tana zaune da uwar miji da faccaloli da ƙannen miji. Miji ba ya zama a cikin gida da rana, magana da shi a tsakar gida ma sai a takaice. Ina filin turo baki? Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, ma'aikata suka dawo daga Kaduna, gari ya buɗe bayan ganuwa, aka yi ta gina gidaje na mata da miji su kaɗai. Mutum biyu a falo ɗaya, ba idon kowa. Sabon zama ya samu, yana neman sababbin kalmomi, shagwaɓa kuwa tana kusa.

Shagwaɓa da sangarta ba abu ɗaya ba ne?

A bakin tsofaffi kusan tagwaye ne. Yanzu sun raba hanya. Da shagwaɓa ta tafi ɗakin amarya, sangarta ce ta tsaya tana ɗauke da kayan zagin su biyu. Ba wanda zai ce yana neman sangartacciyar mata. Sangartacce shi ne wanda ba ya gaida manya, ba ya aikuwa, ya zagi sa'ar uwarsa a ce yaro ne. Idan kana son ka faɗi tsohuwar magana yau ba tare da an yi maka wata fahimta ba, sangarta za ka ce.

Namiji fa, yana shagwaɓa?

Ƙaramin yaro, ƙwarai. Babban namiji kuwa, sabuwar ma'anar ba ta yi mashi rana ba sosai. Matarsa tana iya cewa "ya cika shagwaɓa idan ba shi da lafiya," tana murmushi, amma a majalisa ba wanda zai so a siffanta shi da haka. Samari suna da nasu kalmomin.

Ɗan Hajiya shi ne wanda uwarsa ta tsaya mashi a komai: ita ke biyan bashinsa, ita ke zuwa ba da haƙuri idan ya yi ɓarna, ita za ta zaɓa mashi mata. Kalmar tana da tarihi a cikinta. Kafin jirgin sama ya sauƙaƙa tafiya, Hajiya mace ce da ta sha wahalar hanya, wasu ta Sudan suka bi, shekaru kafin su dawo. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, aka yi rabon Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, kujerar Makka ta zo hannun 'yan kasuwa da ma'aikata, har alhazan Najeriya suka haura dubu 100 a 1977. Daga nan Alhaji da Hajiya suka fara ɗaukar ma'anar mai kuɗi, ɗan Hajiya ya zama ɗan da bai san babu ba. Ita ma wannan ta fara laushi. Za ka ji saurayi ya kira kansa ɗan Hajiya da alfahari, yana nufin shi ɗan gaban goshin mahaifiyarsa ne, har a rubuta a bayan Keke Napep.

Ɗan hutu kuwa jikinsa ake kallo: fata luwai-luwai, tafin hannu ba kanta, bai taɓa ɗaukar jarkar ruwa ba. Wannan rabinta gori ne, rabinta sha'awa.

Ajebota Hausa ce?

A'a, baƙuwa ce daga Kudu. Asalinta Yarbanci ne, ma'anarta mai cin bota, wato ɗan da aka rena da burodi da bota irin na Turawa. Kishiyarta ajepako, mai cin katako, ɗan wahala. Ta shigo mana ta bakin 'yan bautar ƙasa, shirin da aka fara a 1973, da ɗaliban jami'a da barikin soja, daga baya waƙoƙi da intanet suka ƙarasa. A harabar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman za ka ji ta, sau da yawa a gajarce, ajebo. A cikin lungunan birni ba ta yi saiwa ba.

Bambancinta da tamu shi ne ita aljihun uba take aunawa. Shagwaɓa ba ruwanta da arziki. Na ga ɗiyar mai sayar da ƙuli-ƙuli da aka shagwaɓa fiye da ɗiyan manya, na kuma ga gidan attajiri inda yara ke wanke kwanonsu da kansu.

Ɗan gata zagi ne ko yabo?

Ya danganta da bakin da ya fito. Gata a kanta alheri ce: samun mai tsaya maka. Shi ya sa muke tausayin marar gata, muke cewa Allah gatan kowa. Amarya 'yar gata ita ce wadda danginta suka fito suka yi mata komai. Amma idan ana zancen ɗaukar aiki ko neman gurbin karatu aka ce "'yan gata aka ba," to an koma maganar mai uwa a gindin murhu, wanda ba ya cin tuwonsa gaya, da shafaffu da mai, da 'yan mowa da 'yan bora. Wannan kalma ta bi hanyar da ta saba wa ta shagwaɓa: ta fara da daɗi, rashin adalci ya sa mata ɗaci.

Shin addini ya hana nuna wa yaro ko mata irin wannan so?

Bai hana ba, kuma a nan ne nake ganin tsofaffinmu, Allah ya saka masu da alheri, sun ɗan tsaurara fiye da kima. Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis. Aƙra'u ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya amsa mashi da cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Ya gaya mata yana gane lokacin da take fushi da shi daga yadda take rantsuwa: in tana cikin jin daɗi ta ce da Ubangijin Muhammadu, in ta yi fushi ta ce da Ubangijin Ibrahim. Duk wanda ya karanta wannan ya san taushi tsakanin miji da mata ba finafinai suka kawo shi ba.

Abin da aka hana shi ne fifiko. Da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi mashi kyauta shi kaɗai ya zo neman shaida, Annabi ya tambaye shi ko ya yi wa sauran 'ya'yansa haka, ya ce a'a, sai ya ƙi shaidar, ya umarce shi da adalci tsakaninsu. In aka duba da kyau, yawancin abin da kakanninmu ke kira shagwaɓa wannan ne: ɗa ɗaya a cinya, saura a ƙasa.

Wannan canji ba lalata harshe ba ne?

Ban ɗauke shi haka ba. Harshen da ya daina motsi ya mutu. Kuma ina murna da cewa 'yan matan yanzu suna da kalmar da za su kira wasa da lallashi a cikin aure ba tare da sun sunkuyar da kai ba. Iyayenmu mata da yawa sun yi zaman shekara arba'in ba su taɓa jin an lallashe su ba, ba don ba a son su ba, sai don ba a san yadda ake faɗa ba.

Damuwata ɗaya ce, kuma ba ƙarama ba ce. Tsohuwar kalmar ƙararrawa ce. Idan inna ko gwaggo ta ce "kina shagwaɓa yaron nan," uwa takan ji kunya ta gyara, domin ta san karin maganar da ke biye: ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. Yanzu na sha ganin yarinya 'yar shekara shida ta kwanta a ƙasa tana birgima a gidan biki don an hana ta waya, uwar ta ɗauke ta a hoto tana cewa, "Kai, shagwaɓar Mimi ta yi yawa," muryarta cike da jin daɗi. Kalmar da ya kamata ta tsayar da ita, ita ce ta zama kirari. Ga shi kuma zamanin ɗa na kowa ne ya ja baya, maƙwabci ba ya iya tsawatawa sai an kai shi ƙara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mun sani, amma sai an fara samun bakin da zai ce ya karkace.

Akwai kuma wani abu da ke ci mani rai game da darussan nan na waya. Ana koya wa yarinya cewa hanyar samun abu wurin miji ita ce ta koma jaririya. Wasa daban, neman haƙƙi daban. Kuɗin cefane da na asibiti da izinin zuwa makaranta ba da turo baki ya kamata a same su ba. Matar da ba ta da wata murya sai ta shagwaɓa, ranar da magana ta gaske ta taso ba za a saurare ta ba.

Ta yaya zan gane wacce ma'ana ake nufi?

Dubi mai magana, dubi wanda ake magana a kansa, sannan ka saurari ginin jimlar. In an ce "an shagwaɓa shi" ko "ya shagwaɓe," tsohuwar ce, akwai zargi a ciki. In an ce "ta iya" ko "tana yi mashi," sabuwar ce. "Shagwaɓaɓɓiya" ita ce mai fuska biyu: daga bakin miji suna ne na so, daga bakin uwar miji ƙorafi ne da ya kamata a ɗauka da gaske.

Zan iya faɗin ta a gaban manya?

Da ma'anar yara, babu laifi. Da sabuwar ma'ana, ki kama bakinki. Kada ki ce wa surukarki, "Hajiya, ai shagwaɓa nake yi mashi," kina zaton za ta yi murmushi. Abin da zai shiga kunnenta shi ne kin amsa da bakinki cewa ba a yi maki tarbiyya ba, kuma zance ne irin na ɗaki da ba a kawo shi tsakar gida. Haka namiji ba ya yabon shagwaɓar matarsa a gaban mahaifinsa ko kawunsa.

To a daren nan, gwaggo ta yarda?

Da aka yi mata bayani, ta yi shiru tana jan tasbaha. Can ta ce, "To, in wannan ce, ai mu ma mun yi. Malam in zai tafi kasuwar Jibiya nakan ɓoye mashi hula sai ya ce zai riƙo mani tsaraba. Amma mu ba mu sa mata suna ba." Sai ta juya wurin amarya ta kama hannunta ta ce, "Ki yi mashi taki, Allah ya ba ku zaman lafiya. Amma in Allah ya kawo rabo, ranar yaye ki kawo mani shi nan. Ni zan riƙe."

Wata daga bayan ɗaki ta ce, "Gwaggo, ai ke ce za ki shagwaɓa shi." Gwaggo ba ta musa ba. Ta ce a miƙo mata lulluɓin amarya, motoci sun iso.